Kotun Ƙoli: Ranar Da Ta Ba Mu, Da Ranar Da Ta Hana Mu

  

Ya ɗan uwa mai karatu, ina so ka riƙe wasu ranaku biyu a ranka kafin mu yi nisa. Ta farko ita ce Litinin, 20 ga Janairun 2020, ranar da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta kori ƙarar Abba Kabir Yusuf, wanda ya yi wa PDP takarar gwamnan Kano, ta tabbatar wa Abdullahi Umar Ganduje kujerarsa. Ta biyu kuwa Juma'a ce, 12 ga Janairun 2024, ranar da ita dai wannan kotu ta mayar wa shi dai wannan Abba, a wannan karon ɗan takarar NNPP, nasarar da kotuna biyu na ƙasa da ita suka karɓe daga hannunsa. Duk wanda ya san majalisun matasa a Yako, ko Kwanar Dangora, ko Bebeji da Tudun Wada, ya san abin da bakuna suka furta a waɗannan ranaku. Waɗanda suka rantse a 2020 cewa an saye alƙalai, su ne suka cika wayoyinmu da kabbara a 2024 suna cewa gaskiya ta yi halinta. Waɗanda kuma suka yi wa kotu kirari a karon farko, su ne suka koma tsine mata a karo na biyu. A ɓangarorin biyu, da wuya ka samu mutum ɗaya da ya nemi sanin hujjar da alƙalan suka kafa. Abin da kowa ya tambaya shi ne: wa aka ba?

Wannan ɗabi'a ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, bai dace da matashi Musulmi, wanda addininsa ya gina babin alƙalanci kacokan a kan hujja da shaida, ya riƙa auna hukunci da sunan wanda ya ci ba.

Bari mu ɗan waiwayi asalin kotun, domin da yawanmu mun ɗauka tun fil azal take. A zamanin mulkin mallaka, kai har shekaru uku bayan samun 'yanci, maganar ƙarshe a shari'o'in ƙasar nan a birnin Landan ake yanke ta, a gaban kwamitin alƙalai na majalisar masarautar Ingila. Rikicin Jihar Yamma ne ya kawo ƙarshen haka. Gwamnan yankin ya tsige Firimiya Akintola a 1962, babbar kotun tarayya da ke Legas ta ce tsigewar ba ta inganta ba, su kuwa alƙalan Landan a 1963 suka ce ta inganta. Da Nijeriya ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoban 1963, sai aka toshe hanyar Landan, Kotun Ƙoli ta zama tuƙewa, ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola. Sai a 1987 ɗan Arewa ya fara shugabantarta, wato Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina. Bayansa Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya riƙe daga 1995 zuwa 2006. Mace ta farko da ta hau wannan kujera, Aloma Maryam Mukhtar, a 2012, daga Babbar Kotun Jihar Kano ta taso. Ke nan ba kotun wasu baƙi ba ce can. Da namu aka gina ta, da alherinta da aibinta.

Wani abin da ba kasafai ake gaya wa matasanmu ba shi ne, shari'ar da ta fi kowace shahara a tarihin wannan kotu, a kan ƙuri'un Kano aka yi ta. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, doka ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasa. To jihohin a lokacin 19 ne, 19 kuwa ba ta rabuwa gida uku ba tare da ɓurɓushi ba. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. Ta goma sha ukun da ya fi kusa ita ce Kano, inda talakawa, har da iyayenmu da kakanninmu na wannan yanki, suka bi Malam Aminu Kano da PRP. Cikin ƙuri'u 1,220,763 da aka kaɗa a tsohuwar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, Shagari ya samu 243,423, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Bai kai rubu'i ba. Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba tuwo ba ce balle a gutsura, don haka jihohi 13 ake buƙata. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a ɗauki biyu bisa ukun ƙuri'un Kano, wato 813,842, a fitar da rubu'insu, wanda bai wuce 203,461 ba. Shagari kuwa ya haura haka. Ranar 26 ga Satumban 1979, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, kotu ƙarƙashin Fatai-Williams ta karɓi wannan lissafi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan uwansa.

Har gobe masu nazari suna nuna wani gurbi a wannan lissafi: an rage jimillar ƙuri'un Kano da sulusi, amma an bar ƙuri'un Shagari cif-cif ba a taɓa su ba. Da an rage duka biyun, da an koma kan 19.94 ɗin nan. Ni a ganina wannan suka tana da ƙarfi ƙwarai, ko da yake Shagari namu ne, ɗan Arewa, Musulmi, malamin makaranta mai mutunci. Kuma ka lura da abu guda: an yi ta sukar hukuncin a jaridu da jami'o'i, amma an bi shi, aka rantsar da shugaba, ƙasa ba ta kama da wuta ba. Sukar hukunci daban, bijire masa daban.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wajen ɗalibin fiƙihu. Malamanmu sun tabbatar da ƙa'idar cewa hukuncin alƙali yana yanke saɓani a mas'alar da aka kawo gabansa, domin in ba haka ba husuma ba za ta ƙare ba har abada. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi hukunci a wata mas'alar gado, ya hana 'yan uwa shaƙiƙai rabo tare da 'yan uwa na wajen uwa, daga baya irinta ta sake zuwa ya haɗa su a cikin sulusi, kuma bai koma ya warware na farkon ba. Amma shi ne kuma ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Imam Ƙarafi, cikin manyan Malikiyya, ya ƙididdige wuraren da ake warware hukuncin alƙali: idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi mabayyani, ko ƙa'idojin shari'a. Duba da kyau, ɗan uwa: a cikin huɗun nan babu "idan ya saɓa wa ɗan takararmu".

Sama da wannan duka akwai hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka fitar, inda Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa yana yi musu hukunci ne bisa abin da ya ji, kuma mai yiwuwa wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara hujja. To wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yanka masa. Ma'ana, hukunci yana zartuwa a zahiri, amma ba ya mayar da haram halal. Wanda ya san a ransa cewa ƙuri'un da aka ƙirga masa na aringizo ne, takardar Kotun Ƙoli ba za ta wanke shi a gaban Allah ba, ko alƙalai bakwai ne suka sa mata hannu. Su ma alƙalan kotun sun san iyakarsu. A 1989 Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya faɗi magana mai kama da wannan a cikin wani hukunci, cewa zamansu na ƙarshe bai samo asali daga rashin kuskure ba, illa dai babu wanda ke sama da su da zai kama kuskuren.

To mu koma kan Juma'ar nan ta 2024, mu ga me aka ce. Hukumar zaɓe ta bayyana cewa Abba ya samu ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Ranar 20 ga Satumban 2023 kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zabtare 165,663 daga ƙuri'un Abba, bisa dalilin cewa takardun ba su ɗauke da hatimi da sa hannun jami'in zaɓe. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a Nuwamba, ta ƙara da cewa ba a tabbatar da shi ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi ba ne. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a John Inyang Okoro, ta rushe duka biyun. Game da ƙuri'u ta ce Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta wajabta zubar da takarda don kawai babu alamar jami'i ba, matuƙar ba a tabbatar cewa ba daga hukumar zaɓe ta fito ba. Game da zama ɗan jam'iyya kuwa ta ce wannan harkar cikin gida ce, ba hurumin wata jam'iyya ba. Na gamsu da hujjar farko musamman, domin manomin da ya bar gonarsa a Doguwa ya bi layi tun hantsi bai kamata a hukunta shi da sakacin ma'aikacin da bai buga hatimi ba.

Amma adalci ya sa in tambayi wanda ya yi murna da wannan: me ka ce ranar 24 ga Mayun 2019, lokacin da wannan kotu ta ce dukkan ƙuri'un da mutanen Zamfara suka ba APC sun tafi a banza saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, aka ba wanda ya zo na biyu kujerar gwamna? A can ma ai talaka ne ya bi layi, laifin kuma na shugabannin jam'iyya ne. Lauyoyi za su ce mas'alolin sun bambanta, kuma lallai akwai bambanci, tunda a Zamfara 'yan jam'iyyar ne da kansu suka kai ƙara tun kafin zaɓe. Sai dai wanda ya yi tafi a Zamfara don PDP ta samu, ya kuma yi tafi a Kano don an kare ƙuri'ar talaka, ya kamata ya zauna ya daidaita tafin nan nasa biyu. Haka nan hukuncin Imo na 14 ga Janairun 2020, inda aka ƙara sakamakon rumfuna 388, wanda hukumar zaɓe ta sa a na huɗu ya zama gwamna. Da aka nemi kotun ta sake dubawa ta ƙi, amma ɗaya daga cikin alƙalanta, Centus Nweze, ya tsaya shi kaɗai ya ce a gyara. A ranar bankwanarsa cikin Oktoban 2023, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya fito fili ya koka da yadda mutuncin ɓangaren shari'a ya zube a idon jama'a. Ke nan ba cewa nake yi kotun ba ta da abin suka ba. Cewa nake yi waɗannan mutane da hujja suka yi sukarsu, ba da zargin da ba za su iya tabbatarwa ba. Wanda ya rubuta a Facebook cewa alƙali wane ya karɓi kaza, alhali bai gani ba, bai ji daga wanda ya gani ba, ya tanadi amsar da zai bayar.

(A nan bari in ɗan ratse. Mutanen Kiru da Bebeji ba za su manta da ƙarshen 2019 ba, lokacin da aka soke zaɓen Abdulmumin Jibrin Kofa, aka sake zaɓe a Janairun 2020, Ali Datti Yako ya samu kujerar. A daidai wannan lokaci aka soke na Alhassan Ado Doguwa a mazaɓar Tudun Wada da Doguwa, shi kuma ya sake ci. Duka biyun a Kotun Ɗaukaka Ƙara suka tsaya, domin bisa Tsarin Mulki ƙarar zaɓen ɗan majalisa a nan take tuƙewa; ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce ke isa Kotun Ƙoli. Na kawo wannan ne saboda yawan jin matasa suna ɗora wa Kotun Ƙoli alhakin hukuncin da ko ƙofarta bai je ba.)

Sai kuma ɓangaren da ya fi shafar mu a matsayin Musulmi. A 1978, a majalisar tsara kundin mulki, wakilai Musulmi sun nemi a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, aka ƙi, har suka fice daga zauren. Sulhun da aka yi shi ne muke kai har yau: ƙarar aure, ko gado, ko wasiyya, ko waƙafi da ta taso daga kotun alƙali a Kiru za ta iya hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano, daga nan ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya a gaban alƙalai masana shari'ar Musulunci, ta ƙare a Kotun Ƙoli. Sashe na 288 na kundin 1999 ya umurci shugaban ƙasa ya lura da buƙatar samun masana wannan fanni a cikin alƙalan da yake naɗawa. A 1998, cikin wata shari'ar shufa'a da ta taso daga Sakkwato, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, mutumin Kano, ya bayyana cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce kamar yadda Turawa suka jera ta, domin ba ta wata ƙabila ba ce. A cikin wannan hukunci kotun ta tsaya a kan mazhabar Malikiyya, cewa shufa'a haƙƙin abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba. Ranar 17 ga Yunin 2022 kuma, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sanya hijabi, bayan shekaru ana fafatawa tun daga babbar kotun jiha.

Wannan na hijabi kowa ya yaɗa shi, kuma ya cancanci a yaɗa. Amma akwai wani da ban cika jin ana ambata a majalisunmu ba. A 1999, a wani ƙauye na Jihar Kebbi, wasu mutane sun kama wani bawan Allah bisa jita-jitar cewa ya yi ɓatanci ga Annabi (SAW), suka yanka shi ba tare da an kai shi gaban kowace hukuma ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan waɗanda suka aikata. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya yi karatun shari'ar Musulunci har digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bayani a cikin hukuncin cewa Musulunci bai ɗauki zagin Annabi da wasa ba, amma tabbatar da laifin da zartar da haddi aikin hukuma ne bayan shari'a da shaidu, ba aikin taron jama'a ba. Wannan ai shi ne abin da ke cikin littattafanmu na fiƙihu tun kafin a haifi Nijeriya, shi ne kuma irin tsarin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Kano ya rubuta wa mahukunta a Diya'ul Hukkami. Idan kotu ta yi daidai ranar hijabi don ta dace da abin da muke so, to ranar Kebbi ma ta yi daidai, ko da ta taɓa abin da wasunmu ba sa son a taɓa.

Bahaushe ya ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. To amma mu har abin da ta riga ta haifa mana ma ba mu cika zuwa suna ba, matuƙar ba kujerar wani aka haifa ba. Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda mai masara da mai rake suka riƙa komawa gida da kayansu daga kasuwannin yankin nan don babu takardar kuɗi a hannun kowa. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka fara kai ƙara, Kano da wasu suka bi. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 su ci gaba da aiki, ta kuma yi tir da yadda gwamnatin tarayya ta ƙi bin umurninta na farko. Duk da haka sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya sanar da cewa ya bi. Kwana goman nan a jikin talaka suka ƙare.

Na ƙarshe shi ne hukuncin 11 ga Yulin 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa tura musu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ga mutumin Yako babu hukuncin da ya fi wannan kusa da rayuwarsa, domin rijiyar burtsatse, da rufin ajin firamare, da maganin asibitin sha-ka-tafi, da gyaran hanyar da damina ke cinyewa, duk a wuyan ƙaramar hukuma suke. Ina son sakamakon wannan hukunci ƙwarai, amma tunda na ce a riƙa duba hujja, dole in faɗa cewa masu sukarsa ba da wasa suke ba: sashe na 162 na kundin mulki da kansa ne ya ambaci asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma alƙalan sun fifita manufar sashen a kan lafazinsa ne saboda yadda gwamnoni suka mayar da asusun. Wannan ijtihadi ne da ake iya tattaunawa, amma an riga an yanke, kuma bin sa ya hau kan kowa.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Kano ranar 26 ga Oktoban 2024. An kuma shiga 2025 ana ta kai-kawo tsakanin Abuja, da gwamnoni, da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi a kan yadda za a aiwatar da biyan kai tsaye. Ban ga kwatankwacin zafin da muka nuna a kan kujerar gwamna ba a kan wannan. Alhali kason kowace ƙaramar hukuma ana buga shi wata-wata bayan zaman kwamitin rabon arzikin ƙasa, kuma duk mai wayar da ke hawa intanet zai iya nemo na Kiru, da Bebeji, da Tudun Wada, da Doguwa. Matasa biyar masu natsuwa sun isa su kwafi adadin wata shida, su nemi kansilan mazaɓarsu cikin ladabi, su tambaye shi nawa ne ya iso sakatariya daga ciki, ta wace hanya ya iso, kuma a ina aka kashe shi.